Arɗon Gwangwani

A unguwar Sintali ta garin Jalingo, a shekarun da suka biyo bayan yanke jihar Taraba, in ka tambayi gidan Hammanjoda sai a yi ta kallonka. Amma in ka ce Baba Mai Ganye, mai tuyan ƙosai ta bakin hanya ma za ta nuna maka da tsinken hannunta. Shi kuwa mai sunan, duk sa'ad da aka kira shi haka, sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri, kamar da wani na bayansa ake.

Dogo ne siriri mai ɗan rankwafawa, ba ya rabuwa da sanda a kafaɗa ko masallaci za shi. A wata ruga ta bayan Sunkani aka haife shi, cikin shanu ya buɗe ido, da ya tasa kuma bai san wata sana'a ba sai binsu. Mahaifinsa ya bar masa garken da in ya taso daga mashaya, sai matafiyi ya ja gefe ya ba shi hanya. Sai shekarar ciwon bushiya ta zo. Kafin a ankara, dangwali, igiyar ɗaure maruƙa, na kwance a ƙasa babu maraƙi ko ɗaya a jikinsa. 'Yan waɗanda suka tsira ya yi ta sayarwa yana sayen hatsi har suka ƙare. Ranar da aka ja ta ƙarshe, ya ɗaure kayansa, matarsa Fanta ta ɗora ƙorai a ka, suka gangaro Jalingo ba su yi sallama da kowa ba. Fulani suna ce wa kunya semteende. Tasu ba irin wadda ake ji a wuce ba ce, irin wadda ake ƙaura da ita ce.

Na mahaifinsa, abu ɗaya ya taho da shi: akushin tatsa, na baƙin ice, ya sha nono har yana sheƙi. Fanta ta sa shi a ragaya ta rataye a kusurwar ɗaki.

A gari ya sami aikin gadi a shagon wani mai sayar da siminti. Ga dangi kuwa, abin da yake aika musu ta bakin masu zuwa cin kasuwa shi ne wai dillancin shanu yake yi. Ba wanda ya zo ya duba. Shi ma bai koma ba, biki ko zaman makoki, sai dai ya aika da goro da gaisuwa.

Da aka yi jiha, ma'aikata suka kwararo daga Yola, ɗakin haya ya zama abin nema ido rufe. Mai gidan da suke ciki ya sare mangwaron tsakar gida, ya jera ɗakuna, ya malale ko'ina da siminti, ba a bar ƙasa ko ta cika tafin hannu ba. A ɗakin da ke kallon nasu wata mata ta tare, Alisabatu, mutuniyar Zing, mai dafa farfesu tana kai wa ma'aikata da rana. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, wanda ya zo bakinta shi take sa maka.

Ita ce ta jawo komai. Wata rana mura ta kwantar da Fanta, sai ga Alisabatu da ɗan damin ɗoɗɗoya.

"Baba Fulani, ka dafa mata wannan. Saura kuma ka sa a ƙasa, za ta fito."

Hammanjoda ya ƙwanƙwasa simintin da sandarsa. "Wace ƙasar?"

"Kai, Baba! Ƙasa ba ta shiga gwangwani ne? Ka ɗebo a waje ka zuba. Amma ka huda gindi nasa, in ba haka ba ruwa za ta kwanta."

Gwangwanayen da ke ɗakin na madara ne, a ƙarƙashin gado ake ɓoye su, don Bafulatanin da ke sayen madarar kanti ya zuba a shayi ba ya son a gani. Ya jawo ɗaya ya huda, ya cika shi da ƙasar bakin kwata, ya soka reshen, ya tura shi bayan randa ya manta. Ranar da ya sake lura da shi, ya tarar ya yi sababbin ganye biyu ƙanana, ya miƙe yana neman haske. Wani abu ya motsa masa a ƙirji, abin da ya sani sarai: irin wanda yake ji in sabon maraƙi ya tashi a kan ƙafafunsa yana rawa. Ya waiga ya ga ko wani ya gan shi.

Daga nan fa abu ya buɗe. Gwangwani ya haifi gwangwani. Bokitin da ya huje, bahon wanki da ya tsage, jarkar da aka yanke biyu, tukunyar Fanta da ta fashe a baki, butar ƙarfe mara hannu, har tsohuwar tayar babbar mota da ya gangaro da ita daga wajen aiki. Wani Buzu abokin gadinsa ya ba shi na'a-na'a. Alisabatu ta kawo masa saiwar ciyawar shayi daga garinsu. Ya sa lansir a baho, ya sa shuwaka a taya, ya jera albasa mai lawashi a bakin bango. Taki kuwa mayanka yake zuwa ɗiba, amma sai rana ta take, mahauta sun watse, masu shanu sun tafi, sannan ya je da malafa ta rufe masa rabin fuska. Ruwa da tsada a Sintali, don haka a kansu yake alwala, yau wannan gobe wancan, ruwan wankin shinkafar Alisabatu ma ba ya barin a zubar.

Da hantsi sai ya kwashe su ya kai jikin bangon da rana ke fara dukawa. In ta yi zafi ya dawo da su inuwar kwano. Da yamma ya sake fito da su.

"Yau ma an kai su kiwo?" in ji Fanta.

Sai ya wuce da kayansa. Amma ta sha jin sa, in ya ɗauka babu kowa, yana yi musu irin ƙarar harshen nan da ake kiran shanu da ita.

Masu farfesu suka ji labari, masu shayi suka ji, matan ma'aikata suka ji. Ganyen Baba ya fi na kasuwa ƙamshi. Shi dai ya tsinka ya ajiye a kan faifai ya shige ɗaki, cinikin da Fanta ake yi. A wajensa haako ne, ganyen miya, abin da a ruga mata ke tsinkowa a bayan gida ba tare da namiji ya san inda yake tsirowa ba. Yana son su, yana jin kunyarsu, duka biyun a cikinsa ba wanda ya kori wani.

Bazarar shekarar da man fetur ya yi wuya ta zo da zafin da ko Jalingo ba ta saba ba. Gwangwani ya riƙa ɗaukar wuta yana dafa saiwa. Uwar na'a-na'ar nan, wadda duk sauran daga jikinta ya ciro, ta langaɓe ta fara baƙi. Fanta ta tafi niƙa. Ya zagaya gida yana neman abin da ba ya ɗaukar zafi, bai samu ba. Ya shiga ɗaki, ya ɗaga kai, ga ragaya.

Ya sauke akushin ya dasa na'a-na'ar a ciki. Ya ce wa ransa aro ne, zuwa saukar ruwa. Ya ce ba zai huda ba, in damina ta faɗi ya zazzage ya wanke ya mayar. Kwana kaɗan ganyen ya fara rawaya.

Alisabatu ta soka yatsa a ƙasar ta sansana. "Ruwa ta kwanta, Baba. Na faɗa maka. In ba ka huda ba za ta mutu."

Ya daɗe a tsugune da ƙusa a hannu. Sannan ya sa ta a garwashin murhun Alisabatu har ta yi ja. Da ya danna ta a gindin akushin, hayaƙin da ya taso ba na ice kawai ba ne, har da ƙaurin tsohon nono. Ya kau da kai, ya sake dannawa. Fanta ta dawo ta gani. Ta kwance ragayar da ba komai a cikinta, ta naɗe, ta tura ƙarƙashin gado. Na'a-na'a kuwa ta farfaɗo ta yi kumbu-kumbu har tana zubowa.

Ana haka sai saƙo ya zo ta bakin wani mai sayar da kanwa: Abbo yana tafe ranar Asabar.

Abbo ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, abin da su suke ce wa dendi. Tsakanin taubasai babu kunya babu girma, zagi ne gaisuwarsu, tsiya ce zumuncinsu. Shi kuma Abbo Allah ya ba shi baki. In ya laƙaba wa mutum suna, har jikokinsa da shi za a kira su. Akwai wanda jaki ya taɓa kayarwa a gaban 'yan mata tun suna samari, ya yi furfura ya je Makka ya dawo, har yau ba a san shi da sunan yanka ba. Hammanjoda ya dubi gwangwanayensa. In Abbo ya ga wannan, kafin sati duk wata ruga daga Sunkani zuwa bakin Binuwai ta ji.

Ya je ƙofar Alisabatu ya tsaya yana gyaran murya.

"Maman Godiya, alfarma zan roƙa."

"Kai, Baba? Kai da ba ka roƙon ko gishiri?"

"Baƙo zai zo daga ruga. Waɗannan abubuwan, zan kawo su ƙofarki. In ya tambaya, naki ne."

"Ganye ɗin? Ta yi laifi ne?"

"Ba su yi laifi ba. Ke dai ki ce naki ne."

"Duka?"

"Duka."

Ta goge hannu a zani tana kallonsa. "To, shi ke nan. Ni ne ya shuka, ni ne ya ba shi ruwa. Amma Baba, mutum yana jin kunyan abinci nasa?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya soma kwasa. Akushin ya cusa shi can bayan taya, ya janyo ganyen ciyawar shayi ya lulluɓe shi.

Tun daga zaure aka ji muryar Abbo, gajeren mutum mai faɗin ƙirji, da goran nono a hannu ɗaya, ƙwaryar man shanu a ɗaya. Da Fillanci suka yi ta, kamar jiya suka rabu.

"Ina bawana? Ina ɓarawon kindirmon innata? Fito in ga abin da gari ya rage min!"

"Wa ya buɗe wa wannan ƙofa? Fanta, ɓoye tukunya, fari sun sauka."

"Kai, dendi! Dubi wuyanka! Kai ne ke riƙe da sandar ko ita ce ke riƙe da kai?"

"Kai kuma wankan Sallar bara ne har yanzu a jikinka? Tun kana Yelwa ƙuda suka ba mu labarin zuwanka."

Suka zube a tabarma suna dariya. Hammanjoda ya manta rabon da ya ji haƙarƙarinsa na ciwo don dariya. Fanta ta gaishe shi daga bayan labule, Abbo ya ce har yanzu yana jira ta gane ta yi kuskuren miji ta zo ya rufa mata asiri.

"Af, babban dillali," in ji Abbo, yana ɓare goro. "Na zagaya kasuwar shanu kaf, na ce ina Hammanjoda, aka ce wane ne haka? Ko shanun aljanu kake dillanci?"

"Manya ba sa zama a kasuwa. Yara ke mana."

"Haka ne, haka ne."

Sai Abbo ya ajiye goron. Ya gyara zama, ya rage murya, irin abin da ba a cika gani a wajensa ba.

"Dendi, ba yawo ya kawo ni ba. Allah ya mayar min da garke. Akwai wata ja, 'yar jinin shanun Kawu mahaifinka ce, ta yi haihuwar fari kwanan nan. Na ɗaure maka ita haɓɓanaaye."

Hammanjoda ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. Haɓɓanaaye al'adarsu ce: in ɗan'uwa ya rasa dukiya, sai ka ba shi aron saniya, ya riƙe ya sha nononta, 'ya'yan da ta haifa nasa ne, in ya tsaya da ƙafarsa ya mayar maka da uwar. Da haka garken da ya mutu ke tashi. Shekara da shekaru yana kwana yana tashi da wannan mafarki, bai taɓa iya buɗe baki ya roƙi kowa ba.

"Kawu ya yi wa babana haka lokacin da ni da kai ba mu san wando ba," Abbo ya ci gaba. "A akushinsa aka tatsi nonon farko, innata ta sha ba ni labari. Kai ma haka za a yi. Ɗauko shi, gobe mu kama hanya tare."

A bayan labule ludayi ya faɗi ƙasa.

"Akushin," in ji Hammanjoda, "yana nan. An adana shi."

"To madalla. Ba ni buta, azahar ta yi."

Magudanar ruwan gidan a gefen ƙofar Alisabatu take. Hammanjoda yana ji yana gani Abbo ya nufi can, ya kasa ce masa ga wani wuri. Ya ji shi ya juya harshe zuwa Hausarsa ta ruga.

"Kai, kai, kai! Wannan wane irin garke ne? Mutanen gari, ciyawa kuke kiwo a gwangwani?"

"Nawa ce, Baba," in ji Alisabatu da sauri, tun ba a tambaye ta ba. "Ni ne ya shuka."

"Sannu da kiwo. Suna ba da nono kuwa?"

Ya tsuguna yana dariya, ƙarar ruwan buta na sauka. Sai ƙarar ta tsaya. Iska ta ɗan ɗaga ganyen ciyawar shayi, ga bakin akushi a fili, da tsagar nan da aka ɗinke da waya. Abbo ne ya yi tsagar da kansa yana yaro, ya sha bulala a kanta.

"Ke! Ina kika samo wannan?"

"Nawa ce."

"Naki? Wa ya ba ki?"

"Na saya. A kasuwa na saya."

"Ƙarya kike yi! Ba a sayar da wannan a kasuwa! Na kawuna ne! Dendi, fito ka gani, an shiga ɗakinka kana zaune! Sata ce wannan!"

Labulaye suka fara ɗagawa. Matan gidan suka fito, wata da muciya, wata da goyo. Wani ya leƙo ta katanga. Aka fara cewa me aka sata, wa ya sata, a kira mai unguwa. Alisabatu, wadda ke gaba-gaba a zumuntar matan cocinsu, ta tsaya da cokalin miya a hannu, ta dubi ƙofar Hammanjoda ta saman kan Abbo. Ba ta kira shi ba. Kallo kawai ta yi.

"Ni ba ɓarawo ba ne," ta ce. "Nawa ce."

Hammanjoda na zaune a tabarma kamar an kafe shi. In ya yi shiru, akushin zai dawo hannunsa a matsayin kayan sata, hudar ta zama laifin wata, ya sami saniyarsa, sunansa ya tsira. Shiru kawai ake bukata, shi kuwa gwaninsa ne.

Daga bayan labule Fanta ta ce, a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Za ka bari?"

Ya dafa sanda ya miƙe. Daga tabarmar zuwa magudanar ba nisa, amma ya ji kamar yana ratsa kasuwa ba riga.

"Dendi, ƙyale ta. Nawa ne."

"Na san naka ne mana! Shi ya sa nake..."

"Ni na kawo shi nan. Ni na zuba ƙasar." Ya faɗa da Hausa don matan su ji. Ya nuna bokiti da baho da taya da jerin gwangwanaye da bakin sandarsa, idonsa a ƙasa. "Duk nawa ne. Ni na ce ta ce nata ne."

Abbo ya dube shi. Ya sunkuya ya ɗauki akushin da hannu biyu, ya ɗaga shi sama ya leƙa gindinsa. Ruwan da aka ba shi da safe ya ɗigo ta hudojin, ya bi masa hannun riga.

Hammanjoda ya ƙanƙame kafaɗa yana jira. Ga ta nan zuwa. Ya san Abbo, yanzu zai kece da dariya, ya kira matan shaida, ya yanka masa sunan da zai bi shi kabari. Ya shirya. Har ya ji yana so a yi a gama.

Abbo ya sauke akushin a hankali, yadda ake sauke wanda ke cike da nono. Ya juya ga Alisabatu ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe ni. Na zalunce ki." Ya ƙarasa alwalarsa, ya yi salla, ya daɗe yana addu'a. Da ya shafa, ya ɗauki takalmansa.

"Malam Hammanjoda, zan kama hanya, kada mota ta bar ni."

Malam. Tun da uwayensu suka haife su bai taɓa kiransa haka ba. Fanta ta ce ga tuwo an sauke, ya ce alhamdulillahi a ƙoshe yake. Hammanjoda ya raka shi tasha. A hanya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ka yi sauri ka tafi, dama hatsinmu ba zai ishe ka ba." Abbo ya ce, "Haka ne." Ya sake gwadawa, ya taɓo zancen matar Abbo da ta fi shi wayo. Abbo ya yi murmushi irin wanda ake yi wa majinyaci. Da ya hau bayan mota ya miƙo hannu ya ce, "Allah ya bar zumunci." Ba wanda ya ƙara ambatar saniya.

Alisabatu ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Ran nan ta kwaso gwangwanayen da kanta, tana direwa a ƙofarsa da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗauki shanu naka. Tun da aka haife ni ba wanda ya kira ni ɓarawo, sai a kan ganye."

"Maman Godiya, na ci amanarki. Ki yi haƙuri."

"Na yi. Amma ka daɗe kafin ka tashi, Baba. Ina kallonka. Ka daɗe."

Wannan maganar ta zauna masa. Ya daina fita da su hantsi, ya daina mayar da su inuwa, Fanta ce ke ba su ruwa. Ba saniyar ce ke cinsa ba, ya saba da rashinta. Abin da ke cinsa shi ne an cire shi daga cikin waɗanda ake yi wa tsiya, an sa shi cikin waɗanda ake jin tausayi. Mutumin da taubashinsa ya daina zagi, ai an fara yi masa ta'aziyya yana raye. Duk ranar da Fulani suka shigo cin kasuwa, kunnensa na zaure. Damina ta sauka, ta yi nisa, ba labari.

Sai wata rana da hantsi, ana kaka, wata mai tallan nono ta yi sallama a tsakar gida da muryar da ke kaiwa ƙetaren hanya. Da Fillanci ta yi tambaya.

"Nan ne gidan Arɗon Gwangwani?"

Hammanjoda na bakin ƙofa yana ɗinkin takalmi. Bai san lokacin da ya faɗa ɗaki ya saki labule ba. Arɗo shi ne shugaban ruga, mai jagorantar garke da jama'a. Mutum ɗaya ne a duniya zai haɗa wannan suna da gwangwani.

Fanta ta fita. Mai nono ta sauke ƙwarya, ta ce daga Sunkani take, Abbo ne ya aiko ta, ya kuma ce ta faɗi saƙon da ƙarfi don Arɗo kurma ne.

"Ya ce a gaida Arɗo da jama'arsa. Ya ce yaya garke, bokiti ya haihu? Ya ce in za a tashi mashekari, a sauya wurin kiwo, a faɗa masa, ya aiko da jaki a ɗora baho. Ya ce mura ta kama shi, a tatso masa na cikin akushin nan, ya ji an ce ya fi na kowa kauri. Ya ce jar saniya tana nan tana jira, ranar da Arɗo ya gaji da tatsar ciyawa."

"Shi kaɗai ke faɗin sunan nan?" in ji Fanta.

"Wane shi kaɗai, Adda Fanta? Kasuwar Sunkani kaf! Har yara sun sa shi a waƙa."

Alisabatu ta matso tana tambayar me aka ce, me aka ce. Fanta ta juya mata da Hausa. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, tana kiran "Arɗo! Arɗo, fito, jama'a naka tana jira!"

A cikin ɗaki Hammanjoda ya kifa malafa a fuska, kunnuwansa kamar an sa musu garwashi. Kasuwa kaf. Surukansa, sa'o'insa, 'yan matan da suka taɓa yi masa guɗa ranar sharo, yanzu duk sun ji. Abin da ya yi shekaru yana gudu ya same shi ba saura. Amma a ƙarƙashin malafar kafaɗunsa na girgiza, shi kansa bai tantance ko dariya ba ce.

Ya fito bai dubi kowa ba. Ya tsuguna gaban akushin ya yanki na'a-na'a mai yawa, ya haɗa da ɗoɗɗoya da ciyawar shayi, ya ɗaure da zare. Ya miƙa wa Fanta, ya yi magana yana fuskantar bango.

"A ce masa ya dafa ya sha da zafi. A ce masa kuma in ya warke ya zo da kansa. Na ajiye masa gwangwanin da ya yi daidai da shi, zan dasa shi in riƙa ba shi ruwa, ko Allah zai sa ya ƙara tsawo."

Saniyar dai bai je ya karɓa ba. In Abbo ya zo ya tayar da zancen, sai ya ce bai sami wanda zai bar wa ban ruwa ba, su yi ta zagin juna har tuwo ya huce. Ya koma fitar da gwangwanayensa hantsi yana mayar da su inuwa. Sunkani kuwa bai yarda ya taka ta ranar kasuwa ba, kuma har shekarun nan suka ƙare, in mai tallan nono ta yi sallama a gidan, Fanta ce ke fita.